Barikisu Mai Ƙirgan Ƙuman Ruwa

A unguwar Maamobi ta birnin Accra, can bayan babban gota, magudanar ruwan unguwar, idan ka tambayi gidan Barikisu sai an ce maka, "Wace a ciki?" domin su uku ne a layin. Amma da ka ce mai ƙuman ruwa, kowa zai nuna maka. Sunan ya samo asali ne daga aikin da ta shafe shekara ashirin da biyar tana yi, aikin da har ta yi ritaya rabin maƙwabtanta ba su gama gane kansa ba.

An haife ta a unguwar Nima, maƙwabciyar Maamobi, a shekarar 1955. Mahaifinta Abukari ya sauko daga arewacin ƙasar tun yana saurayi, ya yi dako a kasuwa har bayansa ya gaji, ya koma gadi. Mahaifiyarta, Maa Memuna, koko da ƙosai take sayarwa a bakin titi, kuma ita ce ta nace sai 'yarta ta haɗa boko da makarantar allo. Barikisu ta gama makarantar midil, ta so ta wuce gaba, hali bai bari ba. A 1974 aka ji ana neman mai wanke kwalabe a wata cibiyar gwamnati da ke binciken ruwa, ta je da takardarta a cikin leda, aka ɗauke ta.

An sa ta a ɗakin gwajin wani Dokta Moro, ɗan Zangon Kumasi, dogo mai saurin magana, wanda bai daɗe da dawowa daga karatu a Turai ba. Wasu suna dawowa da rediyo ko mota. Shi da fulas ya dawo, cike da ruwa, a cikin ruwan kuma waɗansu 'yan halittu da ba su kai ƙwayar gero ba, suna tsalle-tsalle ba hutawa. Su ne ƙuman ruwa. Ya zuba su a manyan kwalabe a gefen taga, yana kula da su kamar jarirai.

Ran da ta cika mako a wurin ya kira ta.

"Barikisu, zo ki ga waɗanda kike wa wanke-wanke."

Ta sa ido a madubin ƙara girma. Sai ga abin ya zama kamar ɗan tsako, jikinsa garai-garai, ana hango zuciyarsa tana bugawa da sauri, a bayansa kuma ga wata 'yar jaka cike da ƙwai. Ta ja da baya ta ce, "Subhanallahi! Dokta, zuciya gare shi?"

"Zuciya gare ta. Mata ne duk, kuma ba sa jiran namiji kafin su haihu. 'Yan kifi da jatan lande su suke ci su girma. Idan ruwa ya fara lalacewa, su ne na farkon sani. Shi ya sa muke tambayarsu."

Daga ranar wanke kwalba ya daina zame mata wanke kwalba kawai. Tana aiki tana leƙen su. A shekararta ta biyu ƙuman suka shiga raguwa, Dokta Moro ya canza abincinsu, ya canza ruwansu, bai ga dalili ba. Barikisu ta yi kwana uku tana juya maganar a ranta kafin ta iya buɗe baki.

"Dokta, ka yi haƙuri, ni ba karatun nan na yi ba. Amma tun da sito ya kawo sabon garin sabulun nan, kwalaben da na wanke da shi su ne ƙumansu ba sa haihuwa. Waɗancan biyun na ƙarshe da ruwan zafi kaɗai na wanke su, don sabulun ya ƙare ranar. Duba su."

Ya duba. Kwalabe biyun cike suke fal. Ya daɗe yana kallonta, sannan ya jawo kujera, ya miƙa mata ɗan bututun gilashi mai kan roba da ake zuƙo ƙuman da shi, ya ce daga yau da safe ta yi wanki, da rana ta zauna kusa da shi. A takarda dai tana nan mai wanke kwalabe. Amma a hannunsa ta koyi raba uwa da 'ya'ya, da auna sinadari, da rubuta lambobi a layi ba tare da gogewa ba. Cikin shekarun ne ta auri Ramadan tela, suka kama ɗaki a Maamobi, ta haifi 'ya'ya biyu.

Sai shekarar 1983 ta zo da abin da ta zo da shi. Ruwan sama ya ƙi, gonaki suka ƙone, 'yan ƙasa da aka koro daga Najeriya suka cika kowane gida a Nima. Mutane na bin layin masara tun safe har azahar. Ruwan madatsar Akosombo ya ja baya, aka shiga raba wutar lantarki, yau a ba ku gobe a hana. A cibiyar, manyan ma'aikata da yawa sun watse neman abinci. Ɗakin Dokta Moro ya rage daga shi sai Barikisu.

A ƙarshen shekarar wani kamfanin buga atamfa da ya daɗe a rufe ya samu damar sake buɗewa. Sun sayo wani sabon sinadari da ke kama rini a jikin yadi, kuma ruwan da za su ɗauraye yadin da shi zai gangara wani rafi, wanda mutanen ƙauyuka uku ke kamun jatan lande da kifi a cikinsa. Hukuma ta ce sai cibiyar ta gwada sinadarin kafin a ba su izini. Manajan kamfanin, Mista Kwansa, ya kawo gwangwanin da kansa. Mutum ne mai fara'a, amma wuyan rigarsa ya yi masa yawa, kamar kowa a shekarar.

Gwajin da aka saba yi na kwana biyu ne. A zuba ƙuma cikin ruwa mai sinadari, a dawo a ƙirga matattu. Aka yi, a daidai ƙarfin da kamfanin ya ce zai riƙa saki, ko ɗaya ba ta mutu ba. Mista Kwansa ya tafa hannu ya ce a rubuta masa takarda.

Aikin Barikisu ne ta zubar da kwalaben ta wanke. Famfo bai kawo ruwa ba, sai ta jera su a ƙasan tebur, kuma da yake ba ta iya barin abu mai rai da yunwa, ta ci gaba da ɗiga musu abinci. Bayan kwana goma ruwa ya zo. Ta ɗaga kwalbar farko, wadda ba a sa wa komai ba, ta gan ta cike da 'ya'ya. Ta ɗaga mai sinadari. Iyayen na nan suna tsalle lafiya lau, amma 'ya'yan ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Ta kai ɗaya ƙarƙashin madubi. Jakar bayanta wayam.

Ta tarar da Dokta Moro da takardar a gabansa, ya rage sa hannu.

"Dokta, kada ka sa hannu tukuna. Abin nan ba ya kashe su. Hana su haihuwa yake."

Ya je ya gani da idonsa. Ya zauna a bakin tebur ya ce, "Kwalaben ƙasan tebur ba hujja ba ce, Barikisu. Ba wanda zai saurare mu. Sai mun yi dogon gwaji, kwana ashirin da ɗaya, kowace uwa a kwalbarta, ana ƙirga 'ya'yanta kullum. Kuma idan na cikin ruwa mai kyau suka mutu a hanya, gwajin ya ɓaci, sai a koma farko."

"To mu yi."

"Da wace wutar?"

Tambayar tana kan hanya. Ƙuman nan 'yan ƙasar sanyi ne, ba sa jure zafi. Muddin na'urar sanyaya ɗaki na aiki suna lafiya, amma ran da babu wuta ɗakin gwajin, mai tagogin gilashi, yakan zama kamar tanda. Daraktan cibiyar ya ba su wata uku. Suka fara a Janairu, a kwana na shida aka ɗauke wuta kwana biyu a jere, rabin ƙuman suka kwanta a gindin kwalba. Suka sake, aka kai kwana na tara, haka ta sake faruwa. Sai da Barikisu ta yi ta tsince masu rai ɗaya-ɗaya don kada irin ya ƙare gaba ɗaya.

A unguwa kuma magana ta fara zagayawa. Ma'aikatan kamfanin da yawa a Nima da Maamobi suke, sun shekara biyu a zaune. An ji cewa takarda ɗaya ce ta tsayar da buɗewa, an kuma ji cewa matar Ramadan tela na da hannu. Wata rana a layin famfo wata mata ta ce da ƙarfi, don ta ji, "Mu 'ya'yanmu na kwana da yunwa, wasu kuwa ƙwari suke reno." Barikisu ta cika bokitinta ta tafi. A gida ta tarar da keken ɗinkin mijinta a lulluɓe, kamar yadda yake tun watanni, saboda babu yadi a gari.

Ramadan ya ce, "Maman yara, ni ma fa atamfar nan nake jira."

"Na sani."

"Kin tabbata da abin da kika gani?"

"Na gani. Amma sai na ƙirga kafin in rantse."

Ya buɗe akwatin ƙyallaye ya ciro wani baƙin yadi da ya rage masa. Ta taɓa gaya masa cewa 'ya'yan ƙuman sun fi fitowa idan an ɗora kwalbar a kan baƙin abu. Ya ce, "Ungo. Ki ƙirga da kyau."

Dabarar sanyi a gidan mahaifiyarta ta same ta. Ta je gaishe ta ran Juma'a da rana tsaka, Maa Memuna ta ɗebo mata ruwa daga randar da ke binne rabi a jiƙaƙƙen yashi a lungun ɗaki. Ta kurɓa, sanyin ya ratsa haƙoranta. Ta tsaya da moɗa a hannu.

"Maa, kwatarniya nawa gare ki?"

"Huɗu. Me ya faru?"

"Ara min su. Na maƙwabta ma, ki roƙa min."

"Gidan gwamnati guda, da injuna da komai, sai kwatarniyar mai koko?"

"Injunan sun kwanta, Maa."

Ran Litinin aka tura kwatarniya goma a amalanke har cibiyar. Akwai wani tsohon sito a bayan ginin, ƙarƙashin bishiyar mangwaro, mai tagogin waya da iska ke ratsawa. Suka zuba yashi, suka jiƙa, suka dasa kwatarniyoyin, suka cika su da ruwa, suka jera kwalaben a ciki ruwa ya kai musu wuya. Dokta Moro ya tsoma ma'aunin zafi ya jira. A ɗakin gwaji ma'aunin yakan haura talatin da uku. A nan ya tsaya a ashirin da biyar, kuma har la'asar bai motsa ba. Dokta ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce ba haka littafi ya so ba, amma za su rayu, kuma zai rubuta komai yadda aka yi shi.

Saura abinci. Ƙuman na cin koriyar gansakuka da ake renonta a rana, a haɗa da ɗan yis. Gansakuka akwai. Yis kuwa ya ɓace tare da fulawa, masu burodin unguwar Kotobabi duk sun kashe tanda. Wuri ɗaya ya rage a unguwar da ake samun irinsa, gidan wata 'yar arewa mai dafa fito, giyar dawa, da ake kira Madam Azara. Barikisu ta ja mayafinta ta shiga da rana, maza na zaune a benci da ƙoƙuna.

Madam Azara, wadda Hausarta ta kasuwa ce, ta dube ta sama da ƙasa. "Kai matan Ramadan ne ko? Me ya kawo ka nan?"

Barikisu ta yi mata bayani. Matar ta yi dariya har hawaye, ta ƙulla mata busasshen yis a takarda ta ce, "Je ka ba yaranka. In sun bugu kar ka kira sunana."

Kafin magariba labari ya riga ta isa gida, an ga matar tela a gidan fito. Washegari Ramadan ya sa babbar rigarsa ta Juma'a, ya je majalisar ƙofar masallaci ya faɗa musu abin da ta je nema da dalilinsa, ya ce mai sauran tambaya ya same shi a shago. Daga nan kuma shi yake zuwa karɓo ƙullin, a tsaye daga bakin ƙofa.

Suka fara gwaji na uku a ƙarshen Fabrairun 1984. Kwalba sittin, kowace da jaririyar ƙuma ɗaya da ba ta kwana da haihuwa ba. Goma a ruwan rafin zalla, wanda aka ɗebo a duro daga saman inda kamfanin yake. Sauran hamsin an raba su kashi biyar, daga mai sinadari daidai yadda kamfanin zai saki, ana ragewa ana ragewa har zuwa mai ɗan kaɗan. Kullum a ba su abinci, a duba mai rai, a zuƙe 'ya'yan a ƙirga. Sau uku a mako a canza ruwan kowace kwalba. Safe da yamma a jiƙa yashi.

A kwana na bakwai Dokta Moro ya zo idanunsa sun yi rawaya. A na takwas aka kwantar da shi a asibiti, ciwon shawara ya kama shi. Barikisu ta je duba shi, ya kamo gefen gadon ya ɗago da ƙyar.

"In ya fi ƙarfinki ki bari. Ba wanda zai ga laifinki."

"Dokta, yau suka fara haihuwa. Ta kwalba ta uku ta zubo tara."

Ya koma ya kwanta yana murmushi. "To kada ki rubuta abin da ba ki gani ba. Ko da zai ɓata mana lissafi."

Kwana goma sha uku da suka rage ita kaɗai ta yi su. Man fetur ya yi wuya, motar haya ta torotoro sai a yi awa biyu ba a ga ɗaya ba, don haka da ƙafa take tafiya, ta fita bayan sallar asuba da ɗan ƙullin gari a jaka. Asabar da Lahadi ma haka. Ranar bikin 'yancin kai, cibiyar a kulle, sai da maigadi ya buɗe mata ƙaramar ƙofa. Takan shimfiɗa baƙin yadin a bakin taga, ta ɗora kwalba, ta bi ɗigo-ɗigon da ke motsi da bututunta, tana ƙirgawa a hankali da Hausa tana rubutawa da boko. Idanunta kan yi ruwa, ta rufe su ta ɗan huta ta ci gaba. Akwai ranar da jiri ya ɗebe ta saboda yunwa, ta zauna a kan yashin mai sanyi har ya wuce.

A kwana na goma sha biyar hannunta ya goce, kwalba ɗaya daga cikin masu sinadari mafi ƙarfi ta faɗi ta fashe. Ta durƙusa tana neman uwar a cikin yashi, ba ta same ta ba. Ga babbar kwalbar iri a gefe, cike da ƙuma masu girma ɗaya, ba kuma wanda ke kallo. Ta daɗe a durƙushe. Sannan ta ɗauki biro ta rubuta a layin kwalbar, "Ta fashe a hannuna, kwana na 15," ta sa sunanta.

Ran da aka cika kwana ashirin da ɗaya ta kai wa Dokta Moro littafin har gadon asibiti. Ya yi lissafi da fensir a bayan katin magani. Na ruwa zalla duk goman suna raye, kowace ta haifi 'ya'ya saba'in da wani abu. Na ƙarfin da kamfanin ke son saki, su ma suna raye, amma kowace ba ta wuce 'ya'ya goma sha ɗaya ba. Lambobin suna hawa daki-daki yayin da sinadarin ke raguwa, har zuwa kashi na ƙarshe, wanda bai bambanta da ruwa zalla ba. Ya rufe littafin ya ɗora a ƙirjinsa ya ce, "Alhamdu lillahi. Barikisu, kin san abin da kika yi kuwa?"

An yi zaman a ofishin Darakta a watan Afrilu. Ga mutanen hukuma biyu, ga Mista Kwansa da wani masanin sinadarai da kamfanin ya ɗauko, ga Dokta Moro da sanda. Barikisu na zaune a kujerar bakin ƙofa. Masanin ya juya shafukan littafin da ɗan yatsa, ya tambaya da Turanci wane ne ya yi ƙirgan, tun da a lokacin Dokta na asibiti. Aka nuna ta. Ya tambayi matsayinta. Darakta ya yi gyaran murya ya ce mai wanke kwalabe ce.

"To ku gafarce ni," in ji masanin. "Za a hana mutum ɗari huɗu aiki saboda lambobin da mai wanki ta rubuta a sito, cikin tukwanen ƙasa? Wa ya san ko cike gurabe ta yi?"

Barikisu ta miƙe. Turancinta na midil ne, amma bai yi rawa ba. Ta ce ya buɗe shafi na goma sha biyar. Ya buɗe, ya karanta layin kwalbar da ta fashe.

"Da cike gurabe nake yi, da wannan na fara cikewa," ta ce. Sannan ta juya ga manajan, ta koma yaren Tuwi, wanda duk suka fi sakewa da shi. "Mista Kwansa, ma'aikatanka maƙwabtana ne. Mijina tela ne, kekensa a rufe yake yana jiran yadinka. Ba na so kamfaninka ya zauna a rufe ko na kwana ɗaya. Iyayen ƙuman suna nan ban zubar ba. Zo ka gani da idonka."

Ba wanda ya zaci zai tashi, sai ga shi ya tashi. Duk suka bi ta har sito. Ta saita madubin a bakin taga, ta sa masa uwa daga ruwa zalla, ya ga jakar bayanta cike da ƙwai. Ta sa masa ta ruwan kamfaninsa. Ya daɗe bai ɗago ba. Da ya ɗago ya ce a hankali, mahaifiyarsa da kamun jatan lande ta biya masa makaranta, a wani rafin dabam. Amma ya ce shi ba zai iya komawa wurin masu kamfani da maganar tukwane ba, sai an aika sinadarin wani ɗakin gwaji a Turai an sake. Dokta Moro ya ce ya yarda.

Wata biyar ana jira. A cikinsu Barikisu ta sha kallo a layin famfo, akwai ma waɗanda suka daina amsa gaisuwarta. Mista Kwansa kuwa bai zauna ba. Ya dawo shi kaɗai ya tambayi Dokta, idan lambobin suka tabbata, me za a yi? Suka zauna su uku suka duba kashin nan na ƙarshe da bai taɓa ƙuman ba. Idan aka haƙa tafkuna uku a bayan masana'antar, ruwan ya kwana a na farko, ya tsallaka na biyu da na uku ana sa masa farar ƙasa, zai iya saukowa ƙasa da wannan ma'aunin kafin ya isa rafi. Ya kira ma'aikatansa da ke zaune a gida, ya ba su shebur da diga, ana ba su abincin rana. Mazan Nima da Maamobi suka fara fita da safe kamar da.

Amsar Turai ta iso a Satumba. A ɗakinsu mai sanyi da injuna, sun samu 'ya'ya goma sha biyu inda Barikisu ta samu goma sha ɗaya. Darakta da kansa ya sauko har sito da takardar a hannu, abin da bai taɓa yi ba. Hukuma ta ɗauki ma'aunin kashi na ƙarshe ta sa shi cikin sharaɗin izinin, ta kuma ce duk bayan wata uku a kawo ruwan tafki na uku a gwada shi kwana ashirin da ɗaya. Ruwan farko da aka kawo, ƙuman suka haihu a cikinsa kamar ba komai. Kamfanin ya buɗe kafin ƙarshen shekara.

Aka canza mata matsayi zuwa ma'aikaciyar gwaji, aka ba ta farar riga mai sunanta a aljihu. Da Dokta Moro ya rubuta rahoton aikin don wata mujallar masana, ya sa sunaye biyu a sama, nasa da B. Abukari. Maa Memuna ta sa an karanta mata shafin farko duk da ba ta jin Turanci, ta ce a nuna mata inda aka ambaci kwatarniyoyinta. Aka nuna mata. Matar nan ta layin famfo, wadda mijinta ya koma aiki, ta aiko da turmin atamfa na farkon bugu ba tare da wani saƙo ba. Ramadan ya ɗinka wa Barikisu riga da zane da shi, da shi ta je sunan jikan matar.

Bayan haka aiki ya yi ta zuwa. Ruwan wuraren haƙar ma'adinai, maganin feshin gonakin koko, man da ake shafa wa katako. Ɗalibai daga jami'a suka riƙa zuwa koyon aiki, masu digiri suna ce mata Anti Barikisu suna miƙa mata littattafansu ta duba. Ba ta da faɗa, amma duk wanda ta ga ya goge lamba sai ya sake shafin daga farko. Ta ƙara da renon katantanwa da 'yan jatan lande na gida, don a riƙa tambayar 'yan ƙasa su ma.

A 1994 Allah ya nufe ta da aikin Hajji. Tun da ta fara aiki, in ban da lokacin jego, ba ta taɓa yin mako guda ba ta ga ƙumanta ba, ga shi za ta yi fiye da wata. Ta bar su a hannun ma'aikata biyu da ta horar, Adiza da Gafaru, ta rubuta musu shafi huɗu na umarni, Adiza ta ce, "Anti, duk mun haddace, ki je ki yi ibadarki."

Jirginsu ya sauka Accra da hantsi. 'Yan uwa sun cika mota da tutoci, mata na jira a Maamobi da tukwanen shinkafa. Da aka kama hanya ta taɓa kafaɗar direba ta ce ya ɗan ratse ta cibiyar. Ramadan ya ce, "Hajiya, mutane na jira fa." Ta ce minti biyar.

Ta shiga da fararen kayanta. Ta tarar da Adiza a bakin taga da bututu a hannu, Gafaru na canza ruwa, wani sabon gwaji da suka fara da kansu ya kai kwana na goma sha biyu. Ta ɗaga manyan kwalaben iri ɗaya bayan ɗaya a hasken rana, duk cike. Ta ja littafin ta bi shafukan da yatsa har ƙarshe, ba ta sami abin gyara ba. Ta ajiye musu dabino da 'yar gorar zamzam a kan tebur.

"Gobe za ki fito, Hajiya?" in ji Gafaru.

"Gobe ina da baƙi," ta ce. "Ku ƙarasa abinku. Sai Litinin ta sama."

Ta fita, motar ta juya zuwa Maamobi, tun daga bakin titi ake jiyo guɗa.